Ƙanƙarar Baba Cok

A ce mutum ya yi shekara arba'in da ɗaya yana tuƙi, ko ɗan tsako bai taɓa takawa ba, amma rana ɗaya 'yar da ya haifa ta zo da mijinta, su zauna a falonsa, a kan kujerunsa, su yanke cewa kansa ya fara juyewa, a karɓe masa makullin mota. Wannan rashin ta-ido har ina! To, abin da ya sami Baba Cok ke nan a daminar da ta wuce. Ba wai shi ma wankakke ba ne, za a zo wurin, amma a fara da laifin yara tukuna.

Direban ofishin ruwa ne tun yana saurayi. Shugabanni biyar ya tuƙa, duk a mota ɗaya, wata doguwa mai ruwan ƙasa, giyarta a jikin sitiyari, kujerunta sun tsattsage matarsa ta yi musu riga da ragowar yadi. A gidansa take kwana tun farko. Da ya yi ritaya aka jera samarin direbobi huɗu, kowa ya murɗa makulli har batir ya mutu, ba wanda ya iya tayar da ita. Sai aka ce ya tafi da abarsa. Shi kuwa bai taɓa ce mata mota ba, Tsohuwa yake kiranta, kuma in ka ce mata akwala a gabansa ka rasa gaisuwarsa ta wata guda.

Sunan Cok ya samo shi ne daga wani ɗan baƙin maɓalli da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda ake jawowa kafin a tayar da inji. Ba mai wucewa ta ƙofar gidan da safe ya tsira daga karatun maɓallin nan. Mai kawo burodi ya haddace shi, mai duba mitar wuta ya canja hanya.

"Inji mai sanyi kamar tsoho ne da safe," in ji shi, "ba ya shan shayi ruwa-ruwa. Kafireta ita ce mai haɗa masa shayin, iska da fetur. Da sassafe ƙarfe duk ya yi sanyi, sai fetur ya lafe a jikin bututu, kaɗan ke isa ciki. In ka ja cok, wani ɗan faifai zai rufe bakin kafireta, iska ta ragu, haɗin ya yi kauri. Ka gane? In kuma ka manta shi a jawe, ta sha maka mai kamar rami, fulogi ya yi baƙi, hayaƙi ya kori maƙwabta."

Ka ce ka gane, ya sake daga farko don ya tabbatar.

Ga yadda yake yi, kuma bai taɓa canjawa ba. Ya buɗe bonet ya duba ruwa da baƙin mai. Ya rufe, ya shiga, ya ja cok har ƙarshe, ya taka totur sau biyu, ya yi bismilla, ya murɗa makulli. In ta kama sai ya mayar da cok rabi, ya ɗora hannu a cinya, ya karkata kai yana sauraronta kamar mai jin wa'azi. Minti bakwai cif. Sannan ya tura cok ciki, ya sa giya.

Matarsa tela ce, yara da unguwa duk Umma suke ce mata, kuma kullum shi ke kai ta shago. In aka tara minti bakwai-bakwai da baiwar Allah nan ta zauna a kujerar gaba da jakar zarenta a cinya, da ta koyi wani yaren. Wanda ba ta yafe ba har yau shi ne na safiyar da naƙudar 'yarsu ta fari ta kama ta. Tana baya tana murƙususu, ta kama kujerarsa tana jijjigawa.

"Malam, ka ja motar nan!"

"Saura huɗu."

"Malam, zan haihu a nan!"

"Ki yi haƙuri, in na ja ta da sanyi a kwanar farko za ta mutu, sai ki haihu a gaban mai faci. Saura uku da rabi."

A ƙofar asibiti aka karɓi yarinyar, kan ya riga ya leƙo. Ya sa mata sunan mahaifiyarsa, yana ce mata Uwata. Ta girma ta zama nas. Ita ce kuma wadda ta zo karɓar makulli, ku ji sakayya.

Akwai abu na biyu da yake ji da shi bayan cok. A saman kafireta akwai wata faffaɗar tukunya ta ƙarfe mai tace iska, da dogon hanci kamar na buta. A jikin hancin akwai ɗan hannu mai gefe biyu, ɗaya na rani, ɗaya na damina. In yana gefen rani, inji na shaƙar iskar waje kai tsaye. In aka juya shi gefen damina, sai wata 'yar ƙofa a ciki ta tare iskar waje, inji ya koma shaƙa ta wata tiyo mai kama da maƙogwaron raƙumi, wadda ta gangara ta lanƙwasa har wuyan salansa, inda zafi yake, tana kawo iska mai ɗumi. Ranar da aka yi ruwan farko kowace shekara, Baba Cok sai ya kira duk wanda ke gida ya zo ya ga an juya hannun nan. Abin da bai fi ƙiftawar ido ba, amma sai ya yi jawabi.

To yanzu ga nasa laifin. Shekara biyu da suka wuce likita ya ce sukari ya yi masa yawa a jini. Mutumin da ke jefa ƙwaya shida a kofi ɗaya, ya kuma jefa ta bakwai a baki! Uwata ta kafa doka, Umma ta zama 'yar sanda. Ta kama sukari a aljihun rigarsa. Ta kama a cikin hularsa. Ta kama a aljihun mota, a ƙarƙashin kujera, a cikin tayar safaya, har a cikin akwatin rediyo inda ake sa batir. Wuri ɗaya ne ba ta taɓa leƙawa ba, ƙarƙashin bonet, domin ta yi imani in ta taɓa wani abu a can wuta za ta ja ta. Shi ne ya dasa mata wannan tsoron tun suna amarci don kada ta taɓa masa Tsohuwa, ga shi ya yi masa rana.

Sai dattijo mai furfura, mai jikoki, ya ɗauki safarsa ƙafa ɗaya, ya cika ta da ƙwayar sukari, ya zare bakin tiyon nan na sama, ya cusa safar a ciki, ya mayar. Lokacin rani ne, ƙofar tiyo a rufe take, ba ta aikin komai. Kullum da safe in ya duƙa duba ruwa da mai, sai ya zari biyu ya watsa a baki. Umma na kujerar gaba, bonet ya tare ta, tana yaba masa a zuci cewa mutumin nan akwai kula da mota.

Wata safiya ya sa yatsu a tiyo, wayam. Ya leƙa, duhu kawai. Shi ke nan, Umma ta gano. Ya rufe bonet a hankali, ya shiga, ya saci kallonta. Tana ta warware zare, fuska ba yabo ba fallasa. Wannan shirun ya fi faɗa tsorata shi. Ya tambaya? Tambayar ai ita ce amsa laifi. Sai ya ja bakinsa, ya shiga biyan tara ba tare da an yanke masa ba. Ya fara wanke kwanon da ya ci abinci. Ya gyara ƙofar bayi da ta shekara uku tana kuka. Ya share tsakar gida sau biyu, maƙwabta na leƙe ta katanga. Wata biyu cur yana haka.

Umma kuwa kyautatawar ce ta sa ta fara zarginsa. Ga wani ƙamshi da ya fara tashi a motar in sun ɗan yi tafiya.

"Malam, ni dai ƙamshin ƙonannen sukari nake ji a motar nan."

Shi hancinsa ya daɗe da mutuwa, fetur na shekara talatin ya cinye shi. Sai ya ɗauka habaici take masa a kan safa. Ya ƙura wa titi ido ya ce, "Allah ya huci zuciyarki." Ranar har tukunya ya wanke.

Damina ta sauka, aka juya hannu gefen damina, aka yi jawabi. Bayan kwana uku aka kwana ana yayyafi, gari ya waye da sanyi da laima, tufafi a igiya sun ƙi bushewa. Suka fito, suka yi minti bakwai ɗinsu, suka hau titi. Daidai wani tudun siminti da aka yi don rage gudu, ya ɗaga ƙafa daga totur. Tsohuwa ta yi tari biyu, ta yi shiru. Ya gangara da ita gefe. Ya murɗa makulli, ta ƙi. Ya fito, ya buɗe bonet, ya duba fulogi, ya duba waya, ya duba mai, komai lafiya. Bayan minti biyar ya sake murɗawa, ta tashi fes kamar ba ita ba.

Washegari haka. Jibi rana ta fito, ba ta yi ba. Gata aka yi ruwa, ta sake, a wurin dai, ko taku goma ba ta ƙara ba. Kuma don ƙaddara, a gindin tudun nan teburin wani mai shayi yake, da kwalayen sukari a jere kamar bulo.

A karo na huɗu Umma ta naɗe hannu.

"Duk faɗin titin nan, ba ta ga wurin mutuwa ba sai gaban mai shayi?"

"Kin ga na sayi wani abu?"

"Na ga kuna gaisawa hannu biyu-biyu. Me yake damƙa maka?"

"Hannunsa yake damƙa mini, Hajiya, hannu!"

Mai shayin, wani siriri mai wushirya, ya leƙo ta taga ya ce, "Umma, wallahi ko ruwan zafi bai taɓa saya ba. Ni ma abin na damuna, yana tare mini masu saye."

Baba Cok ya yi kwana da kwanaki yana tunani. A karo na shida ya yi sauri ya kai hannu gindin kafireta, ya ji ta sanyi ƙarara kamar randa, ga ɗigon ruwa a jikinta. Nan ya tuna abin da wani tsohon bakanike ya taɓa gaya masa yana saurayi. Da yamma, Uwata da mijinta sun zo gaisuwa, ya tara su ya sanar da su cikin alfahari.

"Na gano ciwon Tsohuwa. Ƙanƙara ce."

Surukin, ma'aikacin banki ne mai ƙaramin gemu da motar da ake tayarwa da danna yatsa, ya ajiye kofinsa a hankali.

"Baba, ƙanƙara? A cikin inji?"

"A maƙogwaron kafireta."

"Injin da in ka taɓa shi sai ya sale maka hannu?"

"Wannan daban, wancan daban. Ka taɓa zuba fetur a bayan hannunka? Ba sanyi ka ji ba? To haka yake yi a ciki, yana bin iska yana sace zafi. Ga maƙogwaron ƙunci gare shi, iska na kutsawa da gudu, sanyin ya ƙaru. In iskar da laima, sai laimar ta daskare a kan faifan totur, ta yi ta taruwa. Da na ɗaga ƙafa faifan ya rufo, 'yar kafar da ta rage ƙanƙara ta toshe ta, inji ya shaƙe."

"To ina ƙanƙarar?"

"Ta narke mana! Da an tsaya zafin inji ya hau ya narkar da ita. Shi ya sa take tashi bayan minti biyar."

"Wato ƙanƙara ce da ba mai ganinta sai kai," in ji surukin, yana kallon matarsa ta gefen ido.

Ku ji fa. Abin da yaron aji biyu na sakandare zai gane in ya saurari malamin kimiyya, shi ne mai digiri ya kasa. Mutumin da bai san inda ake zuba ruwa a tasa motar ba! Amma da yake ya iya ɗaura agogo, sai maganarsa ta fi ta direban shekara arba'in da ɗaya.

Uwata ta matso ta kama hannun ubanta, ta sassauta murya irin wadda take yi wa marasa lafiya.

"Baba, yau wace rana ce?"

"Laraba."

"Mene ne sunan jikarka ta biyu?"

"Uwata, ni kike yi wa jarrabawa?"

"Umma ta ce ka fara shara. Ta ce jiya ta same ka kana wanke tukunya. Yanzu kuma ƙanƙara. Baba, sukari in ya hau yana taɓa kai, ba abin kunya ba ne. Ka ba mu makullin, shi zai riƙa kai Umma shago."

Wato namiji ya wanke tukunya ya zama alamar hauka. Allah ya kyauta.

Baba Cok ya dafe aljihunsa. Makullin nan ya fi shekara talatin yana kwana ƙarƙashin matashinsa. In aka karɓe shi, me ya rage? Ya zauna a ƙofar gida yana ƙirga awaki, Tsohuwa na ruɓewa a gefe kaji na ƙwai a kujerarta. Sai ya ɗago ya dube su.

"Ku ba ni safiya ɗaya mai laima. Ku shigo mu tafi tare. In ban sa muku ƙanƙara a tafin hannu ba, ku karɓa."

Aka tsaya a haka.

Ranar Asabar aka wayi gari da yayyafi. Da Uwata da mijinta suka iso, suka tarar da abin da ya ƙara musu tabbaci. Baba Cok ya kwance bonet ɗin gaba ɗaya ya jingine shi da katanga, ya ce buɗe shi na cin lokaci. Ya sassauta noti na murfin tukunyar iska saura zare ɗaya. Ya soke sukudireba a bayan kunne, ya ɗaure ƙafar wandonsa da roba don kada ta harɗe shi, ya sa takalmin ƙwallon jikansa. Tsohuwa na tsaye hanjinta a waje.

"Innalillahi," in ji Uwata a hankali. "Abin ya yi nisa."

Suka shiga. Surukin ya ce, "Baba, mu je mana."

"Saura shida," in ji Umma, ba ta ko ɗago ba.

Suka hau titi, masu babur na nuna su da baki, wani ɗan kwandasta ya yi ihu, "Baba, an sace maka murfi!" Bai kula kowa ba. Addu'a yake a zuci, karo na farko a rayuwarsa, Allah ya sa motarsa ta mutu. Ga tudu ya matso. Ya ɗaga ƙafa. Tsohuwa ta yi tari ɗaya, ta yi na biyu, ta yi kamar za ta wuce, sannan ta yi shiru.

"Alhamdu lillahi!" Ya ja birkin hannu, ya yi tsalle waje kamar ɗan shekara ashirin. Noti ya tashi, murfi ya yi ƙara a kwalta. "Ku zo! Ku zo da gudu! Uwata, hannunki!"

Ga ta nan kuwa. Gindin kafireta ya yi fari sol kamar an barbaɗa gishiri, cikin maƙogwaron kuma wani farin zobe ya kewaye faifan. Ya kankaro da bakin sukudireba ya ɗora mata a tafi. Ta zabura.

"Wayyo, sanyi! Umma, wallahi ƙanƙara ce!"

Mai shayi ya bar butarsa ya zo, ya dangwala ya ce a ba shi ya sa a lemo. Surukin ya zaro waya zai ɗauki hoto, wayar ta ce ba ta gane fuskarsa ba, ya goge ruwan sama, ya danna lambobi, ya yi kuskure. Kafin ta buɗe, sai ɗigon ruwa ya ɗauka a hannun matarsa.

"Ka gani, ko kai ma kanka ya juye?" in ji Baba Cok. Ya gyara tsayuwa, ya mayar da sukudireba bayan kunne. Rabonsa da jin daɗi irin wannan tun ranar da ya ci gwajin tuƙi.

Uwata ta share hannunta, idonta ya ciko.

"Baba, ka yafe ni. Hankalinka ya fi nawa." Ya gyaɗa kai, don gaskiya ne. "Amma tsaya. Ƙanƙara ko ba ƙanƙara, motar da ke mutuwa a tsakiyar titi da Umma a ciki ba ta hawuwa. Yau gaban mai shayi ne, gobe gaban tirela. In ba ta gyaruwa, maganar makulli na nan. Kuma me ya sa shekara talatin ba ta yi ba sai bana?"

"Yawwa, tambayar masu ilimi!" Ya tattare hannun riga. "Ai masu ƙera ta sun san da wannan. Kin ga tiyon nan? Ita ke kawo ɗumi daga wuyan salansa, don kada laima ta sami damar daskarewa. Muddin hannun nan na gefen damina, ba yadda za a yi..."

Sai ya tsaya. To, in haka ne, me ya sa aka yi? Ya duba hannu, yana gefen damina. Ya duba 'yar ƙofar, tana inda ya kamata, illa ɗan gefen da ya lanƙwashe inda iskar waje ke satar hanya. Ya zare bakin tiyo ya hura. Kumatunsa suka kumbura, iska ta ƙi wucewa. Ya sa hannu ƙasa ya kwance ɗaya bakin, ya ɗago ta. Tiyon da ba ta fi nauyin hula ba, yau ta yi nauyin taɓarya.

Duk abin da ke motar nan ya duba a makonnin nan, ban da tiyon. Tun ranar da safa ta ɓace yake kauce mata kamar mai kauce wa gidan surukai. Yanzu da ya ji nauyin, komai ya faɗo masa lokaci ɗaya. Ba wanda ya ɗauki safa. Girgizar hanya ce ta zurara da ita ƙasa, ta wuce lanƙwasa, ta sauka a wurin zafi.

Ya juya ya dubi Umma. Tana tsaye da lema, tana kallonsa da idon wanda bai san komai ba. Da gaske ba ta sani ba. Wata uku na wanke-wanke, da shara, da ƙofar bayi, duk a banza!

"Baba, mene ne a ciki?" in ji surukin.

Yanzu fa zaɓi ya rage nasa. Zai iya cewa tsatsa ce, ya mayar da tiyo, ya ce sai ya yi nazari. Amma Uwata ta riga ta miƙo hannu, kuma ya san 'yarsa, halin kakarta ta ɗauko, ba ta barin wurin nan sai da gyara ko da makulli. Ya dubi Umma. Ya dubi Tsohuwa, ruwa na ɗiga a kan injinta tsirara, ita da ba ta ci ba ba ta sha ba aka shaƙe ta wata guda saboda kwaɗayinsa. Ya ja dogon numfashi.

"Hajiya, ki ɗan matsa baya. Kuma ki tuna shekara talatin da shida muna zaman lafiya."

Ya buga tiyon a bencin mai shayi. Sau ɗaya, sau biyu. A na uku wani dunƙule ya faɗo ƙasa, tim, baƙi-baƙi ja-ja, yana ƙyalli kamar kwalba, ya yi siffar cikin tiyo har da zobe-zobenta. A ƙarshensa wani ɗan ƙyalle ya leƙo, da ɗinkin koren zare a dunduniya.

Tela ba ta manta ɗinkinta. Umma ta duƙa, ta ɗaga, ta shinshina.

"Safarka! Safar da na yi wa faci da hannuna! Wata uku ina nemanta, har na daina gaisa da maƙwabciya don na ce akuyarta ce ta cinye!"

"Ni kuma na ɗauka ke kika..."

"Rufe mini baki! Ashe ƙamshin da nake ji ke nan, kana ce mini Allah ya huci zuciyata! Ashe duba ruwa da mai ɗin ke nan kullum, ni ina zaune kamar sakarya ina sa maka albarka!"

Mai shayi ya karɓi dunƙulen ya auna a hannu, ya ce, "Kai, Baba, wannan ya fi kwali biyu. Kuma ba a wurina ka saya ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan."

Surukin ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Uwata kuwa ba ta yi dariya ba. Ta buɗe jaka, ta zaro ɗan injin gwajinta, ta kama yatsan ubanta a nan bakin titi ta soka masa allura, gaban masu jiran shayi. Ya bar mata yatsan. Da ɗaya hannun yake zura sandar lemar Umma a cikin tiyo yana kankare ragowar.

Ya hura, iska ta wuce. Ya mayar da tiyo, ya miƙe gefen 'yar ƙofar da babban yatsa, ya rufe murfi, ya murɗa makulli. Da ta ɗan yi aiki sai ya kamo hannun Uwata ya ɗora a hancin tukunyar.

"Me kika ji?"

"Ɗumi."

Ya kwashe su ya zagaya, ya dawo ya hau tudun nan, ya ɗaga ƙafa. Tsohuwa ta wuce tana gurnani. Ya sake zagayowa. Sau biyar ya hau tudun, mai shayi na ɗaga masa ludayi kowane zagaye, har Umma ta ce in bai kai ta shago ba za ta fita ta taga. A ƙofar shagon Uwata ta dubi makullin da ke lilo a jikin sitiyari, ta dubi ubanta, ta ce, "Riƙe abinka, Baba. Amma ranar Litinin asibiti, kuma kai za ka tuƙa kanka."

Makulli dai yana nan ƙarƙashin matashinsa. Sai dai ranar nan Umma ta ga cikin inji da idonta, ta taɓa, wuta ba ta ja ta ba. Yanzu kullum da safe ita ke buɗe bonet. Ta zare tiyo, ta zura tef ɗin awonta ta sama sai ya fito ta ƙasa, ta leƙa tukunyar iska, ta shafa bayan batir. Safa kuwa ƙirga masa take yi, ƙafa-ƙafa, kamar a gidan yari. Shi yana zaune a ciki da shayinsa mai ɗaci, yana jiran izinin jan cok.

Rannan ya yi ƙarfin hali ya ce mata, tunda dai wanke-wanken nan bisa kuskure aka fara shi, yana ganin a iya dakatarwa.

Ta rufe bonet, ta shigo, ta ɗora jakar zare a cinya.

"Ka iya, ka ci gaba. Ja cok ɗinka, ina da ɗinkin mutane."